Siddiƙu Mai Gudali

Duk wanda ya taɓa kai aikin bugu shagon Malam Siddiƙu da ke kusa da Gidan Dahala a Sakkwato, a shekarun ƙarshe na mulkin soja, ya san kwamfutar shagon tana da suna. Gudali ake ce mata, sunan saniyar nan ta ƙasar Sakkwato mai guntun ƙaho da sanyin hali. Mutane suna yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. In ka gaishe shi da safe ka tambayi aiki, sai ya ce, "Gudali ta kwana lahiya, mu ma lahiya lau." Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube, kuma ba a taɓa ganin ya shiga shagon nan da takalmi ba. Masu kawo aiki ma sai sun tuɓe nasu a bakin ƙofa, ko da kuwa darakta ne.

Ba banza ya raɗa mata sunan saniya ba. Siddiƙu ɗan Malam Junaidu ne, dillalin shanu a kara, wanda yake da ɗan garkensa na kansa a bayan gari. Shi ne auta. Babbarsu kuwa Delu ce, wadda yake kira Adda, ita ta goya shi tun uwarsu tana fama da jinya, ita ta yaye shi, ita ce kuma ta riƙa jan kunnensa har ya yi gemu. Shi kaɗai aka sa boko a gidan. Ya koyi buga tafireta, ya samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati a daidai shekarun da arzikin mai ya buɗe, lokacin da kowane ƙaramin akawu yake tafiya kamar shi ya haƙa rijiyar man. Siddiƙu ma bai tsira ba. Ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda yake share titi, ya sayi rediyo da sabon keke. Da Adda Delu ta gan shi cikin wandon nan, sai ta ce a ba shi tsintsiya ya huta da wahalar da tufa.

Daɗin bai daɗe ba. Annobar shanu ta shigo ƙasar, wadda ake kira bushiya, ta hanyar wata baƙuwar saniya kuwa ta shiga garken Malam Junaidu. Dattijon ya san ƙa'ida sarai: saniyar da aka sayo ba a haɗa ta da garke sai an ɗaure ta gefe an ga lafiyarta. Amma wannan ta fito daga hannun amininsa ne, ya ga in ya ware ta kamar ya zargi mutumin. Shanu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Kamar yadda masu shanu suke yi, Malam Junaidu yana da wasu da ya ba ƙanensa kiwo a ƙauye, don kada a tara dukiya wuri guda. Da ya ga garkensa yana ƙarewa, zuciya ta ɗebe shi, ya aika a koro masa su ya ga abin da zai sanyaya masa ido, alhali marasa lafiya suna nan kwance. Aka koro su ƙosassu, suka shiga, suka bi sauran. Karsana ɗaya ce ta tsira, ita ma don tana ɗingishi ne ba ta iya tafiyar ba. Malam Junaidu bai ƙara zama mutum sosai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Shekara ba ta zagayo ba sojoji suka rage ma'aikata, takardar sallama ta iske Siddiƙu a kan teburinsa. Bai tsaya kuka ba. Ya sayar da keken da rediyon, ya sayi tsohuwar tafireta, ya kafa tebur a gindin dogon yaro yana buga wa mutane takardu. A nan ya yi suna, don ba ya kuskure, kuma abin da ya shiga idonsa ba ya fita ta bakinsa. Wannan riƙon amana ne ya sa Alhaji Tukur, mai sayar da atamfa da shadda a kasuwa, ya ba shi 'yarsa Mariyatu. Shi ne kuma, bayan shekaru, ya ga yadda aikin tafireta yake mutuwa, ya kama masa shago, ya sa aka kawo masa kwamfuta daga Kano. Siddiƙu ya sha faɗa cewa bayan iyayensa da Addarsa, babu wanda ya yi masa abin da surukinsa ya yi masa.

Wurin wani dattijo mai gyaran injuna a Sabon Gari ya koyi aikin, mutumin Ilori, kowa Baba Ilori yake ce masa. Da dattijon ya fara yi masa bayanin cewa injin nan yana da wani tsari a cikinsa mai suna DOS, wanda shi ne yake tada shi, yake kuma sanin inda kowane aiki yake ajiye, sai Siddiƙu ya gyaɗa kai. Da ya ƙara da cewa akwai wata cuta da ake kira bairos, wadda take bin faifai daga inji zuwa inji, ba a ganinta sai ta gama ɓarna, sai Siddiƙu ya ajiye biro ya ce, "Baba, wanga karatu na daɗe da yin shi."

Haka ya riƙe Gudali riƙon makiyayi. Ba ya kashe ta da ka, sai ya rufe kowane aiki ya ga ta natsu tukuna. In ya ga ƙwan lantarki ya fara lumshe ido, kafin a ɗauke wuta ya riga ya adana abin da yake bugawa, domin ya taɓa asarar shafuka masu yawa a kan haka, bai kuma so a sake. Lokaci-lokaci yakan zauna ya share tarkacen da ba a bukata, ya sa injin ya binciki cikinsa ya tattara abin da ya warwatse. Faifan da ake aiki da shi a wancan zamani ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, yana da wata 'yar sakata a gefe wadda in an tura ta babu abin da zai ƙara shiga cikinsa. Nasa masu muhimmanci kullum a kulle suke. Baƙon faifai kuwa, ko na wane ne, ba ya buɗe shi sai ya sa mai binciken cuta ya bi ta kansa. Ɗalibai sun sha zumɓura baki a kan jiran nan. Shi dai amsarsa ɗaya ce, rigakafi ya fi magani.

Sai kuma batun ajiya. Duk aikin da ke cikin Gudali yana da kwafi a aljihun teburinsa, yana da wani kuma a gidan Adda Delu, can kusa da Hubbare, inda take zaune da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, tana sana'ar fura. Ranar da ya fara kai mata, ya durƙusa ya ajiye faya-fayan a gabanta.

"Adda, ga wata amana ki aje min. Kowace Jumu'a in na taho gaisuwa zan kawo sabuwa in amshi tsohuwa."

"Mi ac ciki?" in ji ta.

"Aikin mutane na. Amma ki ji da kyau. Ran da kig gan ni na taho a guje ina cewa ki ba ni, kak ki ba ni sai kin tambaye ni ko garke lahiya."

Adda Delu ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta san kwamfuta ba, ba ta kuma nemi sani ba, amma ta gane zancen. Ta tashi ta ɗauko wata langa mai murfi daga cikin jerenta, ta shimfiɗa ƙyalle a ciki, ta jera faya-fayan, ta tura ƙarƙashin gado.

A cikin masu kawo masa aiki akwai Malama Ni'imatu, ungozoma a wani asibiti, wadda take ƙaro ilimi a jami'a. Bincikenta a kan matan da suke haihuwa a gida ne, ta shiga lunguna da ƙauyuka tana zama da mata tana rubuta abin da suka gaya mata. Karatun ya ja mata shekaru saboda yajin aiki da rufe makaranta, ga aikin asibiti, ga 'ya'ya. Yanzu an ba ta dama ta ƙarshe: ta miƙa littafinta a buge ranar Litinin ɗin da aka sa, ko kuwa duk wahalar ta tashi a banza. Babi-babi take kawowa da rubutun hannu, Siddiƙu ya buga ya mayar mata da takardunta. Suka yi gyaran ƙarshe, ya kai wa Adda kwafi ranar Juma'a kamar kullum. Abin da ya rage kawai a fitar da shi a takarda, ana jiran a kawo sabon ƙyallen tawada na firinta daga Kano.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji Tukur da kansa a bakin shago. Siddiƙu ya zabura ya sauka daga kujera ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Shekaru da auren Mariyatu, amma bai taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Bayan gaisuwa Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da faifai, murna fal fuskarsa.

"Malam Siddiƙu, ga wani abu da abokin cinikina yab ba ni Kano. Wai in anka sa shi ga injin nan shina gwada lokacin salla na kowane gari, har da alƙibla. Sa shi mu gani."

Siddiƙu ya karɓa da hannu biyu. Ya ga takardar da ke manne a bayan faifan ta yi baƙi da dattin yatsu, alamar ya zaga injuna da yawa kafin ya iso nan. Binciken ba zai ɗauki wani lokaci ba. Amma yaya za a yi surukinka ya kawo maka tuwo da hannunsa ka tsaya kana sansanawa a gabansa? Mutumin da ya sayi injin? Kuma abin da ya shafi salla? Maganar ta zo har bakinsa, kunya ta mayar da ita. Ya zura faifan ya buɗe. Lokutan salla suka fito reras a allon, na Sakkwato, na Kano, har na Makka. Alhaji ya yi ta kabbara yana sa albarka, ya bar masa faifan kyauta ya tafi. Bayan fitarsa Siddiƙu ya yi maza ya sa mai binciken cuta, bai nuna komai ba, ya yi ajiyar zuciya. Ya manta cewa mai binciken nasa ya tsufa, cutar da ta riga ta shige cikin inji kuwa tana iya ɓuya bai gan ta ba.

Gudali ta fara nauyin jiki. Abin da take buɗewa nan take sai ta tsaya tana nishi. Siddiƙu ya ga haka ya ce wa kansa zafi ne, don zafin Sakkwato ba ya barin mutum ba ya barin ƙarfe. Ran Laraba da safe, ranar da ƙyallen tawada ya iso, ya kunna ta ya nemi aikin Ni'imatu. Sunayen ayyuka suka fito a hargitse, haruffa da alamomin da bai taɓa gani ba. A nan fa hankalinsa ya tashi, ya yi abin da ya sha hana wasu. Ya fizgo aljihun tebur, ya ɗauko kwafin da ke ciki, ya zura shi don ya ga ko yana nan. Bai duba sakatar ba, ita kuwa a buɗe take tun ranar da ya yi kwafin ƙarshe. Injin ya yi ƙara, ya yi ƙara, ya ce ba ya iya karanta faifan. Ya kashe ya sake kunnawa. Wannan karon Gudali ko tashi ba ta yi ba, sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci.

Yana zaune hannu a ka sai ga sallamar Ni'imatu, ta biyo daga asibiti da fararen kayanta a ƙarƙashin mayafi, ta zo ganin ko an fara fitarwa. Bai ɓoye mata ba, don ƙarya ba ta cikin halinsa. Ya gaya mata injin ya kamu, kwafin shago ya lalace. Sannan ya tambaye ta, da 'yar muryar mai neman mafita, ko takardunta na rubutun hannu suna nan.

Mijinta Gambo mahauci ne, yana da tukubar tsire a Sabon Gari, kuma babu mai alfahari da karatun matarsa kamarsa. Ni'imatu ta zauna a kan benci.

"Malam, ai maigida ya gama da su. Yac ce tunda aiki ya shiga inji, takarda ta gama nata. Tun watan jiya mutanen Sabon Gari ka cin tsire cikin babi na ukku."

A wata rana da sun yi dariya har da hawaye. Ran nan babu wanda ya ko murmusa. Ta dube shi ta ce, "Malam Siddiƙu, matan nan da niz zauna da su, wasu ba su da rai yanzu. Ba ni iya komawa in tambaye su. Amana nib ba ka."

Ya ce mata akwai sauran kwafi ɗaya, ta je gida ta yi addu'a. Ya ja ƙofar shago, ya tare ɗan kabu-kabu mai babur, bai ko tsaya ciniki ba ya ce Hubbare. Abu ɗaya ne a kansa: ya ɗauko faya-fayan nan, ya dawo ya lallaɓa Gudali ta tashi ko sau ɗaya, ya ga aikin da idonsa, ya fitar da shi kafin komai ya ƙara lalacewa. Mai neman ya nutse ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Ya iske Adda Delu a tsakar gida tana cura fura. Ya faɗa ciki yana haki, hula a karkace.

"Adda, ba ni kayan nan, maza!"

Ba ta ɗago ba. "Ko sallama babu? Garke lahiya?"

"Adda, ba lokacin wanga zance na ba."

"Lokacinai na. Kai kac ce in tambaye ka. Garke lahiya?"

Ya ce, "Ba lahiya ba."

"To ba ni badawa."

Abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ran nan ya yi. Ya ɗaga mata murya. Ya ce ita me ta sani game da inji, ya ce rayuwar baiwar Allah ce a hannunsa, ya ce kayan nan nasa ne ko nata? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Adda Delu ta bar shi ya gama, ta goge hannunta a zane, ta tashi ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta cika ƙofar, don ba ƙaramar mace ba ce.

"Naka na, Siddiƙu. Shanun da ag ga Kawu can ƙauye ma na Baba na. Kai kana ofis sadda anka shigo da su. Ni ina tsaye. Ƙosassu, suna sheƙi. Ni nab ba su ruwa har sunka daina sha."

Ya zauna a kan turmi. Sai a lokacin ya ga abin da yake shirin yi. Ya bar baƙuwa ta shiga garke don kunya, ya kashe kwafin shago da gaggawa, yanzu kuma ya zo korar na ƙauye. Tafarkin ubansa ya bi sawu a kan sawu, shi da yake ganin ya fi kowa sanin labarin. Kunya ta rufe shi, tare da wani tsoro mai sanyi na abin da ya kusa faruwa.

Adda ta dama fura ta miƙa masa. "Sha hura. In ka sha, tahi ka nemo mai magani. Kayanka suna nan, ko ɓera bai san inda suke ba."

Baba Ilori ya zo shagon da yamma da 'yar jakarsa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce cutar sabuwa ce, ta kwantar da injuna da dama a garin. Ya fito da nasa faifan mai tsabta, ya nuna wa Siddiƙu sakatarsa a kulle, ya zura shi kafin ya kunna injin, don Gudali ta tashi daga faifan, ba daga cikinta mai ciwo ba. Ta tashi. Sabon mai bincikensa ya kama cutar nan take, amma ta riga ta cinye wurin da injin yake rubuta inda kowane aiki yake. Dattijon ya girgiza kai ya ce abin da ke ciki ya tafi, sai dai a wanke ta tas a sake zuba mata tsari daga farko. Da aka ba da umarnin wankewa, injin ya tambaya ko an tabbata. Baba Ilori ya ja da baya ya ce mai shanu shi ke yanka. Siddiƙu ya yi bisimilla ya danna da kansa.

Kashegari suka yini suna aiki. Suka zuba DOS, suka zuba abin bugu, suka sa sabon mai bincike. Sannan suka bi faya-fayan shagon kaf ɗaya bayan ɗaya, suka ware masu cuta gefe, na Alhaji ma a cikinsu. Siddiƙu ya ce ba zai amince ba sai sun kashe ta sun kunna sau da yawa suna sake bincike, har Baba Ilori ya gaji ya ce, "Malam, ko asibiti ma suna sallamar mutum."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga gidan Adda da sallama, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya nemi gafarar ɗaga muryar da ya yi. Ta ce wannan ya wuce.

"Garke lahiya?"

"Lahiya lau, Adda."

Ta jawo langar, amma ta ƙi ba shi. Ta ce amanar da ta kai haka ita za ta kai ta da hannunta. Ta yafa mayafi, aka nemo mota, ta zauna da langar a cinya kamar mai kai gara. A shago suka iske Ni'imatu da mijinta Gambo, wanda tun ranar Laraba bai iya haɗa ido da matarsa ba. Adda ta tuɓe takalmi ta shiga, ta tsaya a gaban injin tana ƙare masa kallo.

"Wagga ita ta Gudalin? Ko tozo babu."

Gambo ne kaɗai ya yi dariya, shi ma ya haɗiye ta da sauri. Siddiƙu ya buɗe langar. Ya ɗauki faifan, ya tura sakatar, ya ɗaga shi ga haske ya tabbata ta kullu, ya sa aka bincike shi, sannan ya buɗe. Sunayen suka fito a jere, kowanne daidai. Ni'imatu ta matso ta ce ya nuna mata shafin farko, ya nuna. Ta ce ya kai ta na ƙarshe. Da ta ga gyaran da suka yi tare yana nan, har da sunan ƙauyen da ta ce a sauya, sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Gambo ya fita waje da gudu, ya dawo da ƙunshin tsire mai zafi, a cikin takardar siminti wannan karon, ya kuma tabbatar kowa ya ga haka. Firinta ta kama kukanta mai kama da na gyare, ba ta huta ba sai da littafin ya fito duka.

Siddiƙu bai iya gaya wa surukinsa ba, Mariyatu ce ta kai zancen gida. Alhaji Tukur ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. "Ashe abin da nik kawo cuta gare shi. Don mi ba ka hwaɗa min ba?" Siddiƙu yana durƙushe yana zanen ƙasa da yatsa. Dattijon ya ce, "Kunya abu na mai kyau, ɗana, amma ba bisa amanar mutane ba. Daga yau ko ni nik kawo, a duba." Tun daga ranar, in ya zo da faifai, a benci yake zama a waje tare da ɗalibai yana jiran layi, yana kuma yi wa masu ƙorafi faɗa.

Kafin a ɗinke littafin Ni'imatu ta ce a ƙara mata layi ɗaya a shafin godiya. Siddiƙu ne ya buga shi, sau biyu yatsunsa suna kuskure, shi da ba ya kuskure. Ta miƙa aikinta ranar Litinin, aka karɓa.

Juma'ar da ta biyo ya tafi Hubbare da faya-fayan sati da kuma kwafin shafin nan. Adda Delu ba ta karanta boko, sai ya zauna a gabanta ya fassara mata: godiya ga Malama Delu Junaidu, wadda ta riƙe amana ta hana mai ita. Ta sa ya maimaita wurin sunanta. Ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, ta ninke ta a hankali, ta sa a ƙasan langar ƙarƙashin ƙyallen.

"Nan dai Gambo ba ya kai gare ta," in ji ta.

Siddiƙu ya so ya yi dariya, ya kasa. Ya ce, "Adda, ban san da bakin da zan gode miki ba. Da kin ba ni ran nan, da na kashe matar nan da ranta."

Ta jera sababbin faya-fayan, ta mayar da murfi, ta bar hannunta a kai.

"Baba ma ba rashin sani na yas same shi ba," ta ce. "Ya hi mu sanin shanu. Bai dai samu mai ce mishi a'a ba, dukanmu muna jin kunyatai. Kai ko ka samu."

Ta tura langar ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ce ya share idonsa ya sha furarsa kafin ƙuda su riga shi.